A Bar Wa Ciki Wurinsa

A gidan da na tashi, a cikin birnin Kano, ba a faɗar ciki da baki. Kunya ba ta bari. Amarya za ta yi wata uku tana fama da kasala da tsartar da yawu, kowa ya gani, kowa ya kau da kai, sai dai a riƙa aiko mata yaro da ɗan kwaɗon zogale ko tsamiyar biri. Ɗaurin zane ne ke tona asiri. Tsofaffin gidan suna zaune kan tabarma suna tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, amma idonsu na kan ƙugun duk yarinyar da ta gilma. Ran da suka ga bakin zane ya bar ƙugu ya haura saman cibiya, ko ya sauka ƙasan mara, sai su dubi juna. Ɗaya ta ce, "Allah ya raba lafiya." Ɗayar ta ce amin. An gama sanarwa ke nan.

Gidanmu babba ne, sassa-sassa, da wuya shekara ta fita ba a yanka ragon suna ba. Duk da haka ban taɓa jin an ce za a je kasuwa sayen kayan masu ciki ba. Babu ma irin wannan kaya a kasuwar. Kuma ban taɓa ganin mai ciki a cikin iyayenmu tana numfashi sama-sama don tufa ta matse ta ba. Sai da na girma na gane dalili. Suturarsu ba ta da awo tsayayye. Zane ba shi da lamba. Kowace safiya mace ce ke yi masa awo da hannunta, daidai da jikin da ta wayi gari da shi. In ta ci ta ƙoshi ta sassauta, in za ta yi daka ta ƙara tamkewa. Zanen da ta ɗaura tana amarya shi za ta ɗaura a watan haihuwa, shi za ta goya ɗan da shi, in ya tsufa a yanka shi gunduwa-gunduwa ya koma ƙyallen jariri. Buba kuwa an yi ta da faɗi tun asali, wuya a buɗe, hammata a sake, iska na shiga ta ko'ina.

Turmin atamfa yadi shida ne, mai iya yanka takan fitar da zane biyu da buba da ɗankwali. Wadda muka fi sani a wancan lokaci ta Kaduna ce. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, UNTL ta biyo baya a 1964, audugar kuma ta ƙasarmu ce, ta wajajen Funtuwa da Gusau. Mai hali ya sayi Holan ko Ingilish ya sa a lefe, marar hali ya sayi ta gida, amma dukansu auduga ce zalla. Abin da na lura da shi tun ina ƙarama shi ne, mai ciki ba ta taɓa sababbin. Suna nan jere a cikin kwalla da ƙamshin kafur, suna jiran ranar suna. Sai ta zura hannu can ƙasa ta zaro tsofaffi, waɗanda suka sha wanki har danƙonsu ya fita, launi ya ɗan koɗe, jikinsu ya yi laushi. Kakarmu takan ce fatar mai ciki ba ta son baƙon zane. Da gaskiyarta. Fatar da ke miƙewa kullum tana ƙaiƙayi, ga zufa, ga ƙurajen zafi a ƙasan nono da matse-matsi, me za ta yi da atamfar da ke tsaye ƙyam da sitaci?

Mu ne muka zo a tsakiya. An yi aurena a farkon shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka fara raina buba, ana yayin riga da siket masu bin jiki. Kayan lefena kusan duka haka aka ɗinka su, tela ya auna ni ina budurwa, ya kama ƙugu tsam kamar ba zan taɓa ƙara ko da tsoka ɗaya ba. Ga shi ina koyarwa a makarantar firamare, dole kullum in fita. Cikin fari bai kai wata biyar ba siket-siket ɗin nan suka fara ƙin hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, domin wajen mako na 20 mahaifa kan iso daidai cibiya, daga nan kuma sai gaba. Ni dai kunya ta hana ni magana, sai na riƙa barin zif a buɗe ina rufewa da gyale. Inna ce ta gani wata rana da na je gaishe ta. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, balle ta yi mini zancen ciki. Ta kira ƙanwata ta miƙa mata turmi biyu, ta ce, "Ki raka waccan wurin Goggonku."

Goggo ƙanwar Baba ce, bazawara, tana da keken Singer mai ƙafa a bakin ƙofar ɗakinta. Rabin matan unguwar ita ke musu ɗinki, saboda ba sa son tela namiji ya kewaya musu tef a ƙirji. Har yau ina iya ganin yadda ta auna ni.

"Ɗaga hannu, 'yar nan."

Ta zagayo da tef ta ƙasan ƙirjina, ta duba lamba, sannan ta zura yatsunta huɗu tsakanin tef ɗin da jikina ta sake dubawa.

"Na farkon naki ne," in ji ta. "Na biyun na baƙo ne. Da na baƙo za mu yanka."

Ta shimfiɗa atamfar a tabarma, ta yi zane da guntun sabulu, ta sa almakashi. Gaban rigar ya fi bayanta tsawo da taƙi guda, don in ciki ya turo kada gaba ya ɗage baya ya zubo. Daga ƙasan ƙirji ta yi tattara, yadda yadin zai sauko a sake. A kwiɓi biyu ta bar rarar yadi mai faɗin yatsa uku, ba ta datse ba, ta ninke ta ciki ta bi da ɗinki mai tazara. Ta ce duk ran da na ji riga ta fara kama ni, in sa reza in farke layin farko, akwai na biyu yana jira a bayansa. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ta yi a ƙarƙashin tattarar. Ta tsaga wuri biyu, dama da hagu, kowanne tsawon tafin hannu, ta kalmashe bakinsu, ta sa maɓalli mai maƙalewa, ta jawo ninkin yadi ya rufe. Wanda bai sani ba ba zai ce akwai ƙofa a wurin ba. Na tambaye ta amfaninsu, ta harare ni ta saman tabarau.

"In ya zo, ta ina za ki ba shi abincinsa? Ko tuɓewa za ki riƙa yi a gaban mutane?"

Rigunan nan na sa su har na haihu, na yi shayarwa da su, daga baya na mayar da ɗinkin kwiɓin na ci gaba da sawa. Da ƙanwata ta samu nata cikin, su ta ara. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san abin da telolin yanzu da yawa suka manta: jikin mai ciki na yau ba shi ne na mako mai zuwa ba, don haka ba a yi masa ɗinki sai da rara.

Wurin da hikimar tsofaffi ta tsaya shi ne rigar nono. Kakarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa ta ba, ɗaurin ƙirji ya ishe ta. Su Inna da girmansu suka san ta. Mu kuwa a lefe muka same ta, dozin guda, 'yan uwan ango mata sun sayo da ka, ba wadda ta tambayi lambarmu, mu ma ba mu san muna da lamba ba. Bayan haka sai dillaliya, wadda ke shigowa gida-gida da ƙullin kaya a ka. Za ta zube su a tsakar ɗaki, ta dube ki sama da ƙasa, ta ce, "Wannan za ta yi miki." In ta matse, a ce za ta saki. In ta yi yawa, a ce za ki cika ta.

Lokacin kuɗi sun yi wuya. Tun da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabon kaya na kanti ya fi ƙarfin mai albashi irina. Gwanjo ne ya rufa wa mutane asiri. Ranar da ake fasa dila a Ƙofar Wambai, mata kan yi sammako. A cikin irin wannan kaya ne na fara ganin rigar nono ta masu shayarwa, wadda ƙoƙonta ke ɓallewa daga igiyar kafaɗa ya sauko. Dillaliyarmu ce ta kawo ta cikin tarkace, tana ba da haƙuri, wai ta samu wata lalatacciya mai tsinkakken hannu, duk mai so ta ba da abin da ya sauwaƙa. Matar wani ɗan uwana, wadda ta yi makarantar koyon jinya, ta ɗauka ta maƙala ta ɓalle, ta sake maƙalawa, ta fashe da dariya. Ta biya ba ta ce komai ba. Sai da dillaliya ta fita ta nuna mana yadda abin yake. A zuwa na gaba kuɗin lalatacciya ya ninka, don labari ya riga ya kai kunnen mai kaya.

Ilimin gaske a wurin awo na same shi, a Asibitin Murtala. Kafin a fara kiran kati, mukan zauna jere a kan benci, wata dattijuwar nas ta tsaya a gabanmu ta yi mana jawabi. Wata rana zancen abinci, wata rana zancen allura. Ran nan sai ta zaro rigar nono daga aljihu ta ɗaga sama. Wuri ya kaure da dariya, wasu suka ja gyale suka rufe fuska. Ita ko a jikinta.

"Ku gama dariyarku," in ji ta. "Rabinku in na ce ku buɗe, zan ga shatin ja a jikinku kamar an ɗaure ku da igiya."

Ta ce ba nono kaɗai ke girma ba, haƙarƙari ma buɗewa yake yi don ya ba ɗa wuri, shi ya sa rigar da ta yi daidai kafin ciki take zama azaba a wata na shida. Daga baya na ga haka a littattafan ungozomomi, cewa kewayen ƙirji kan ƙaru da santimita 5 zuwa 7. Ta koya mana awo biyu: ɗaya a zagayo ta ƙasan nono, ɗaya ta saman inda ya fi cika. Na farko shi ne lambar ɗamara, bambancin da ke tsakanin su biyun shi ke nuna girman ƙoƙo. Ta ce wadda za a saya da ƙaramin ciki, a zaɓi wadda ta yi daidai a maƙalin ciki na ƙarshe, don a samu wurin sassautawa yayin da ƙirji ke buɗewa. Wadda kuma za a saya don shayarwa, a bari sai wajen wata takwas, a zaɓi wadda ta yi daidai a maƙalin waje, don bayan haihuwa haƙarƙari zai koma a riƙa ragewa, kuma a bar sarari a ƙoƙon da tafin hannu zai shiga, saboda ruwan nono na tafe.

Sauran alamomin ta sa muka maimaita kamar 'yan makarantar allo. Yatsa biyu su shige ƙarƙashin ɗamara ba tare da kokawa ba. Bayan rigar ya tsaya daidai da gabanta, in ya haura wajen wuya to ɗamarar ta yi yawa. Nauyin a kan ɗamara yake, ba a kan kafaɗa ba, don haka in igiya ta nutse a kafaɗa akwai gyara. Kada nono ya tumbatso ta sama ko ta hammata. A nemi mai faɗin igiya, ta auduga, a bar mai soso da mai ƙarfe sai an yaye. A ƙarshe ta ɗaga yatsu uku: ɗaya a jiki, ɗaya a igiyar shanya, ɗaya a akwati. Ta ce wadda ba ta da halin uku ta sayi biyu, wadda ba ta da halin biyu ta zauna da shimi mai laushi, ya fi mata matsattsiya.

A wata na bakwai aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Daga nan har arba'in ban ƙara tunanin abin da zan sa ba, wasu ne ke tunanin. Wannan shi ne abin da na fi kewa. Ƙafata ta kumbura, sai na wayi gari na ga silifas mai faɗi a bakin ƙofa, ba wanda ya ce shi ya ajiye. Kamfai ya fara cin mara, sai ga Goggo da wasu da ta ɗinka da farin yadi, masu mazagi maimakon roba. Inna kuma ta zauna da almakashi tana yanka tsofaffin zannuwanta, manya na ƙunzugu, matsakaita na jariri, ƙanana masu faɗin tafin hannu ta tara su daban. Ban san na mene ne ƙananan ba sai a kwana na uku da haihuwa.

Duk wadda ta haihu ta san wannan kwana. Ki kwanta da jikinki, ki tashi ƙirji ya yi tauri, ya yi zafi, ruwa na ɗiga ko ba a taɓa ba. A irin wannan rana babu rigar da aka saya da lamba da za ta yi daidai. Inna ta kwashe rigunana ta rataye, ta ba ni zane mai laushi na yi ɗaurin ƙirji sakwa-sakwa, ta ninka ƙananan ƙyallayen nan ta sa mini. Da sun jiƙe ta canza. Ba ta yarda ƙyalle ya wuni da danshi a jikina ba, ta ce shi ke sa kan nono ya tsage, ya kawo ƙuraje da tsami. Kullum da hantsi igiyar tsakar gida cike take da su, an wanke da ruwan zafi, rana ta gasa su. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Duk mai son sanin suturar da ta dace da mai jego, ya yi lissafin sau nawa za a buɗe ta a mayar, da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da ɗa mai tsala ihu, wani lokaci cikin duhu babu wuta. Zane ya ci wannan jarrabawa tun kaka da kakanni.

Ba na cewa duk abin da aka yi a da daidai ne. A gidaje da yawa ana matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Wankan jego da ganyen darbejiya yana da daɗinsa, amma akan wuce gona da iri wajen zafin ruwa, kuma tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka nuna cewa yawan kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ɗaure ciki ma wasu tsofaffin kan tamke shi har mace ta kasa zama, ga shi kuwa mahaifa da kanta take komawa cikin kamar mako shida, wanda ya zo daidai da arba'in ɗinmu. Ɗauri mai sauƙi yana tallafar baya, mai tsanani wahala ce kawai. Amma a zancen sutura, in ka cire wannan ɗaurin, ban ga inda suka kuskure ba.

Ranar suna ce ranar da kwalla ke buɗewa. Mai jego takan canza kaya sau da yawa, na miji, na iyaye, na dangi, kowanne a fito da shi a gani. A zamaninmu duk da ado ne, buba ce da zane, ko leshi ne ko shadda. Tana zaune a tsakiyar gado, mata na shigowa barka, jariri ya motsa ta ɗan karkata ta ja mayafi ta ba shi, hira ba ta tsaya ba. Yanzu fa? Na je sunan 'yar wata ƙawata, mai jego ta fito cikin ɗinkin nan mai ƙarafa a ciki da suke kira koset, kwana bakwai da haihuwa, zif tun daga wuya har gadon baya. Ta yi kyau, ba ƙarya. Ana cikin ɗaukar hoto yaro ya fara kuka. Aka jijjiga, aka zagaya da shi, ya ƙi. Sai da ƙawaye biyu suka bi ta ɗaki, ɗaya na jan zif ɗaya na riƙe da ɗankwali kada ɗauri ya lalace. Kafin a gama kwance ta, yaro ya shiɗe don kuka, gaban rigar kuma ya jiƙe sharkaf. Bayan kwana biyu aka ce tana zazzaɓi, gefen nono ya yi ƙulli ya yi ja, daidai inda ƙarfe ya danna. Matsi irin wannan yana hana ruwan nono gudana, in ya taru ya kumbura, in aka yi sakaci ya kai ga ƙurji. Allah ya taimaka an kai ta asibiti da wuri.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, wannan na yarda. Kuma zamani ya zo da alherinsa. Da 'yata ta samu ciki, abubuwan da ta nuna mini a wayarta sun sa na yi sha'awa: rigar nono mai miƙewa ta bi jiki, mai maɓallin da yatsa ɗaya ke ɓallewa, doguwar riga mai ɓoyayyen zif a gaba, kamfai mai tsawo da ke rufe ciki gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe ya yi mata rana, domin aiki aka yi mata aka ciro ɗan, kuma duk abin da robarsa za ta sauka a kan ɗinkin mara ba ya sawuwa. Da a zamaninmu ne, Goggo ce za ta ƙirƙiro shi da mazagi. Hijabi ma, wanda ya yaɗu a idonmu, ya zame wa masu shayarwa rufin asiri a mota da asibiti da gidan biki. Sai dai a kula da yadinsa. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, a tura jariri ƙarƙashin hijabin roba a wannan yanayi zalunci ne.

Zancen yadi shi ne inda aka fi cutar 'yan baya. UNTL ta rufe a 2007, KTL ta riga ta, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin mai kyan gani da araha, wata auduga ce, wata an gauraya ta da roba. Ido ba ya rabewa. Na koya wa 'yata gwajin da Goggo ke yi. A zaro zare biyu-uku daga bakin yadin, a kusanta su da ashana. In auduga ce, za ta ci da wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. In roba ce, sai ta narke ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Mai ciki da mai shayarwa su nemi ta farkon, su wanke ta sau biyu kafin a kai wa tela.

Abin da waya ba ta iya kawowa shi ne idon da ke lura. 'Yata tana zaune a gidan haya, ita da mijinta, maƙwabciyarta ma ba ta san sunanta ba. Babu tsohuwar da za ta ga ta fara ɗingishi ta ajiye mata silifas, babu wadda za ta ga shatin igiya a kafaɗarta ta ce cire wannan. Ta yi odar riguna da lambar da take sawa tun tana jami'a, suka zo ba ɗaya da ta shiga, mai sayarwa kuma ta ce kayan ciki ba a mayarwa. Da na je, tef na nema. Na auna ta kamar yadda aka auna ni, na zura yatsuna huɗu, na faɗa mata abin da nas ɗin nan ta faɗa mana a kan benci. Ta ce, "Umma, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" Na ce ai ba a tambaye ni ba, kuma mu haka aka tashe mu, uwa ba ta yi wa 'yar fari irin wannan zance. Kunyar nan tana da kyau a wurinta, amma a da tana da masu cike mata gurbi, goggo da inna da matar yaya. Yau da aka watse, in uwa ta yi shiru babu mai magana.

Shi ya sa na canza abin da nake kaiwa barka. Kowa jariri yake saya wa, har kaya su yi masa yawa, wasu ya girme su ba a buɗe leda ba. Uwar da ta sha wahalar kuwa sai turmin atamfa da za a kai wa tela ya matse. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nonon uwa zalla na wata shida, addini kuma ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Muna ta yi wa yara mata wa'azin wannan, ba mu tambayi ko rigar da ke jikinsu za ta bar su su yi ba. Ni yanzu zane biyu na auduga nake kaiwa, wankakku, da dogayen riguna masu buɗewa ta gaba. Rigar nono ba na saya da ka. Kuɗin nake ba ta, in ce ta jira nonon ya daidaita bayan 'yan makonni, ta auna, ta saya da kanta.

Kayan fitar arba'in na 'yata ni na kai ɗinki. Telan saurayi ne, hannunsa na da kyau, shagonsa cike da hotunan amare. Na yi masa bayanin tattara da rarar kwiɓi da buɗewar gaba, yana saurare yana murmushi irin na ladabi.

"Hajiya, ai yanzu ba a yayin wannan. In na sa zif a gaba sai a ce ɗinkin tsofaffi ne, sunan shagona zai ɓaci."

Na ce, "Ɗana, yayin nan da kake tsoro wata nawa zai yi? Ita shekara biyu za ta yi tana buɗe rigar nan dare da rana. Ɓoye zif ɗin a cikin ninki in kana jin kunyarsa, amma a gaba za ka sa shi."

Ya sosa ƙeya, ya ɗauko biro, ya ce in sake nuna masa yadda ake tsagar nan ta ƙarƙashin tattara, wai matarsa ma watanta shida.